Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu horar da yara ƙwallo da masu shirya gala a zangunan Akra

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan'uwana masu horarwa, da shugabannin ƙananan kulob-kulob, da matasan da ke ɗawainiyar shirya gala, wato gasar ƙwallo ta unguwa, a Nima da Mamobi da Sabon Zango da Fadama da Madina da Shukura da sauran unguwanninmu, ina gaishe ku da aiki, ina kuma gaida iyayenmu sarakuna da limamai waɗanda da albarkarsu kuke wannan hidima. Na rubuto muku ne a matsayina na ma'aikacin jinya, kuma uba wanda 'ya'yansa da na maƙwabtansa ke hannunku kowace yamma. Buƙatata guda ɗaya ce: ku haɗu ku amince a kan doka, cewa duk yaron da ya bugu a ka a filin wasa, aka kuma ga ko da alama ɗaya ta cewa bugun ya taɓa ƙwaƙwalwarsa, to ya gama wasa a wannan rana, ko da wasan ƙarshe ake yi, ko da shi kulob ya dogara a kansa, ko da shi da bakinsa ya rantse cewa lafiyarsa ƙalau.

Na san irin wahalar da kuke sha. Yawancinku babu mai biyan ku albashi. Daga aljihunku kuke sayen ƙwallo da riguna, ku biya kuɗin motar haya ta trotro, wani lokaci har ku ciyar da yaron da ya fito daga gida bai karya ba. Mohammed Kudus, wanda duniya ke kallo a yau, a kulob ɗin Strong Tower na Nima ya fara kafin ya tafi makarantar ƙwallo ta Right to Dream, kuma da wuya a sami yaron da ke buga ƙwallo a filin Kawukudi wanda bai san wannan labari ba. Saboda haka maganar koci tana da nauyi a kunnen yaran nan fiye da ta malamin aji, sau da yawa fiye da ta iyayensu ma. Abin da kuka hana ya hanu, abin da kuka yi wa shiru kuwa su a wurinsu ya halatta, shi ya sa na nufo ku da wannan magana kafin kowa.

Ku da kanku kun san abin da ake yi idan yara biyu sun yi tsalle neman ƙwallo ɗaya, kawunansu suka gwaru. A rugo da ledar ruwa a fasa wa wanda ya faɗi a ka, wani ya tuɓe riga yana yi masa fifita, wani ya kama hannuwansa ya miƙar da shi tsaye, a tambaye shi ko zai iya, ya gyaɗa kai, 'yan kallo su ɗauki tafi suna ce masa namiji. Idan babu jini sai a ce babu rauni, idan bai suma ba sai a ce abin bai kai ciki ba. Mu da muke asibiti mu ke ganin abin da ke biyo baya: yaron da aka kawo bayan kwana biyu yana amai, wanda ya kasa zama a aji saboda haske na damun idonsa, wanda uwarsa ke kukan cewa ya sauya hali, ya zama mai saurin fushi, alhali babu wanda ya gaya mata cewa ya bugu a ka ranar Asabar.

Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai, ba a ɗaure take tamau ba. Idan kai ya tsaya farat ɗaya, ko ya juya da ƙarfi, sai ta motsa a ciki, kamar kindirmo a ƙwaryar da aka girgiza: ƙwaryar ba ta fashe ba, amma abin da ke cikinta ya hautsine. Siraran jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin sassanta sukan miƙe fiye da ƙima, sinadaran da ke ciki da wajen ƙwayoyinta su rikice, sai ta shiga buƙatar ƙarfi mai yawa don gyara kanta a daidai lokacin da jinin da ke kai mata abinci ya ragu. Wannan hali yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kuma a tsawonsa ƙwaƙwalwar ba ta da juriyar wani bugun. Ba dole ne bugun ya sauka a ka ba, domin karo a ƙirji ko a kafaɗa, ko faɗuwa da baya a busasshiyar ƙasa, yana iya fizgar wuya har girgizar ta isa ciki. Cikin mutum goma da suka sami girgizar ƙwaƙwalwa a wasa, wanda yake suma bai kai ɗaya ba. Hoton kai da ake ɗauka a asibiti ma yawanci ba ya nuna komai a irin wannan rauni, tun da aikinsa shi ne gano zubar jini ko tsagewar ƙashi, don haka iyayen da aka ce musu hoto ya fita lafiya kada su ɗauka an ba yaronsu izinin komawa fili.

Babban dalilin da ya sa nake roƙon a mai da abin doka shi ne ba a iya dogara da amsar yaron. Ɓangaren jikin da zai auna ya ce akwai matsala shi ne ya sami rauni. Ga kuma tsoron kada wani ya gaje masa wuri, ga kunyar abokai, ga wani baƙo a bakin fili da aka ce ya zo neman 'yan wasa ne. Manya ma da ke da likitoci a benci ba su tsira daga wannan ba. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 2014, ɗan wasan Jamus Christoph Kramer ya yi karo da kafaɗar Ezequiel Garay na Ajantina, aka duba shi aka bar shi ya ci gaba na kusan kwatan awa, kuma alƙalin wasan, Nicola Rizzoli, ya bayyana daga baya cewa Kramer ya zo yana tambayarsa ko wannan shi ne wasan ƙarshe. Da yawanku kun kalli wasan Senegal da Cape Verde a kofin Afirka da aka yi a Kamaru a watan Janairun 2022, inda Sadio Mané ya gwara kai da mai tsaron gida Vozinha. Ya tashi ya ci gaba, har ya ci ƙwallo, jim kaɗan ya kwanta a fili, aka fitar da shi aka wuce da shi asibiti. Abin da ya fi damuna a wannan lamari shi ne darasin da yaranmu suka ɗauka daga gare shi, wato jarumi shi ne wanda ya bugu ya tashi ya ci ƙwallo. Ku ne kaɗai za ku iya warware musu wannan fahimta.

Haɗarin da ake gudu yana cikin bugu na biyu. Yaron da kansa ya girgiza ba ya gani da kyau, ba ya saurin kaucewa, ƙafafunsa ba su da tabbas, saboda haka ya fi kowa kusa da sake yin karo. Idan bugu na biyu ya zo kafin na farko ya warke, alamomin sukan tsananta su daɗe, kuma a wasu lokuta ƙalilan, galibi ga matasa, ƙwaƙwalwa takan kumbura cikin mintuna ta yadda ko likita yana tsaye a wurin da wuya ya cece ta. A watan Mayun 2013, a birnin Ottawa na Kanada, wata ɗaliba 'yar shekara 17 mai suna Rowan Stringer ta rasu ta wannan hanya bayan ta bugu a wasan rugbi. Bincike ya nuna cewa ta riga ta bugu a kwanakin da suka gabata, ta gaya wa ƙawayenta ta waya cewa kanta na ciwo, amma babu babban da ya sani. A 2018 lardin Ontario ya kafa doka da sunanta, wadda ta wajabta fitar da ɗan wasan da ake zargin ya sami girgizar ƙwaƙwalwa, da hana shi dawowa sai an bi matakai. Ba na fatan mu jira sai mun kai yaro maƙabarta kafin mu yi tamu dokar.

Kada wani ya ce wannan sabon abu ne da ya saɓa wa ƙa'idar ƙwallo. Hukumar da ke tsara dokokin wasan a duniya, IFAB, ta shigar da canji na musamman saboda bugun kai cikin dokokinta tun daga 1 ga Yulin 2024, ga duk gasar da ta zaɓi aiki da shi: ana fitar da wanda ya bugu a sa wani ba tare da an lissafa shi cikin canjin da aka saba ba, abokan hamayya su ma a ƙara musu canji ɗaya don kada a ce an cuce su. A watan Satumba na shekarar, FIFA da Hukumar Lafiya ta Duniya suka ƙaddamar da gangamin wayar da kai a kan wannan matsala, suna tunatar da cewa alamomin na iya ɗaukar har awa 72 kafin su bayyana. A gala kuwa ku ne masu rubuta sharuɗɗa. Kamar yadda kuke rubuta kuɗin shiga da tsawon kowane rabi da hukuncin kulob ɗin da ya makara, haka za ku ƙara layi ɗaya a kan bugun kai, ku kuma ba alƙalin wasa ikon zartar da shi, domin koci da ake bin sa ci ɗaya saura minti goma ba shi ne ya dace a bar wa wannan hukunci ba, komai kirkinsa.

Gane alamomin ba ya buƙatar karatun likita. Yaron da ya kwanta bai motsa ba na ɗan lokaci, ko ya faɗi bai tare ƙasa da hannu ba, ko ya tashi yana tangaɗi, ko ya tsaya yana kallon wuri ɗaya kamar wanda aka tasa daga barci, ko ya nufi ɓangaren da ba nasu ba, wannan ya isa a fitar da shi. Haka wanda ya ce kansa na ciwo, ko yana jin jiri ko tashin zuciya, ko yana gani dishi-dishi. Ku ja shi gefe ku tambaye shi da harshen da ya fi ji: a wane fili muke, rabin farko ne ko na biyu, wa ya ci ƙwallon ƙarshe, da wa muka yi wasa a makon jiya. Idan ya kuskure ko ɗaya, magana ta ƙare. Idan ya amsa duka daidai amma kun ga ɗaya daga cikin waɗancan alamomi, amsar ba ta wanke shi ba. Taron masana da aka yi a Amsterdam a watan Oktoban 2022 ya fitar da 'yar takarda mai suna CRT6, wadda aka tsara musamman don waɗanda ba ma'aikatan lafiya ba, ana kuma samun ta kyauta a intanet. Ya kamata kowane koci ya ajiye ta a wayarsa.

Ina roƙonku da girman Allah ku daina ɗaga yaron da ya faɗi bai motsa ba. Bugun da ya kai ya sumar da mutum yana iya taɓa ƙashin wuyansa, kuma ɗaukar nan da ake yi, wani ya riƙe hannuwa wani ƙafafu, kai yana reto, tana iya mai da raunin da zai warke ya zama shanyewar jiki ta har abada. Mutum ɗaya ya durƙusa ya riƙe kan da hannu biyu a yadda ya same shi, a tabbatar yana numfashi, a kori taron jama'a, a kira 112. Idan yana jijjiga kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada kuma a ɗura wa wanda bai farfaɗo sosai ba ruwa. Akwai alamomin da ke nufin a tafi asibiti nan take ba sai gobe ba: suma ko da ta daƙiƙu ce, jijjiga, amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, ciwon wuya, gani biyu-biyu, mutuwar hannu ko ƙafa, ruɗewa mai ƙaruwa, barcin da ake tashinsa da ƙyar, jini ko farin ruwa daga kunne ko hanci. Ku kula ƙwarai da bugun da ya sauka a gefen kai, tsakanin ido da kunne, domin ƙashin wurin siriri ne kuma akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. Idan ta tsage, yaro na iya tashi ya yi magana daidai, har ya ci abinci, jini kuwa yana taruwa a ciki, bayan 'yan awoyi ya faɗi. Irin wannan aikin tiyata yake buƙata cikin gaggawa, a babban asibiti irin Korle Bu ko Asibitin Sojoji na 37 ko Ridge, kuma a mota za a kai shi, kada a ɗora shi a bayan okada.

Wanda bai nuna waɗannan manyan alamomi ba ma kada a sallame shi ya tafi gida shi kaɗai. Babba ya raka shi, ya gaya wa mahaifiyarsa ko mahaifinsa baki da baki cewa ya bugu a ka da ƙarfe kaza, ga abin da aka gani, ga abin da za a lura da shi cikin dare, kuma a kai shi ma'aikacin lafiya ya duba shi cikin kwana ɗaya. Yara da yawa sukan ɓoye don tsoron kada a hana su ƙwallo gaba ɗaya, shi ya sa saƙon bai kamata ya bi ta bakinsu ba. Barci ba laifi ba ne, hasali ma magani ne, sai dai a riƙa leƙa shi a daren farko. Idan kai na ciwo a ba shi farasitamol, a guji asfirin da ibufurofen da diklofenak a kwana ɗaya ko biyun farko, saboda suna iya ƙara zubar jini idan akwai shi a ɓoye. Tramol kuwa, wanda duk mun san yadda ya shiga hannun matasanmu, yana rufe alamomin da ake son gani, yana kuma iya jawo jijjiga da kansa. Ya rage kallon waya da talabijin na kwana biyu, kada ya hau babur ko keke.

Bayan hutun kwana ɗaya zuwa biyu, ba a son a kulle shi a ɗaki mai duhu. Ya fara tafiya a hankali da ƙananan ayyukan gida, ya koma boko da makarantar allo ko da rabin yini ne, a kuma sanar da malamansa don kada su ɗauki rashin riƙe karatu a matsayin lalaci su hukunta shi. Karatu ne zai fara daidaita kafin ƙwallo. Daga nan sai sassarfa, sai gudu, sai atisaye da ƙwallo shi kaɗai, sai atisaye da 'yan'uwansa ba tare da karo ko sa kai ba, kowane mataki aƙalla kwana ɗaya, idan ciwon kai ko jiri ya dawo a koma matakin baya. Yawancin yara sukan warke cikin mako huɗu, wanda ya wuce haka a mai da shi wurin likita. Da yake ƙananan kulob-kulob ɗinmu ba su da likitan da zai bi kowane yaro, shawarata ita ce mu ɗauki ƙa'idar da Birtaniya ta fitar a 2023 don wasannin unguwa da na makarantu: babu atisaye mai karo sai yaro ya yi kwana 14 ba tare da wata alama ba, babu shiga gasa kafin kwana na 21 daga ranar da ya bugu. Na san mako uku yana da tsawo ga yaron da ke ganin kowace Asabar ita ce ranar da za a gano shi. Ku gaya masa a gaban 'yan'uwansa cewa wurinsa na nan yana jiran sa, ku kuma cika wannan alkawari, domin ranar da yara suka ga wanda ya faɗi gaskiya ya rasa rigarsa, daga ranar babu mai sake faɗa.

Akwai kuma abin da za a yi don rage bugun tun kafin ya faru. Yawancin girgizar ƙwaƙwalwa a ƙwallo tana zuwa ne lokacin da mutum biyu ke takarar ƙwallon sama, kai ya gamu da kai ko da gwiwar hannu. A 2006 aka tsaurara doka, aka ce duk wanda ya kai wa wani gwiwar hannu a ka da gangan jan kati ne, kuma binciken da aka yi a gasar Jamus ya nuna raunin kai ya ragu da kashi 29 cikin ɗari bayan haka. A filayenmu alƙalin wasa yakan ji tsoron ɗaga jan kati saboda magoya baya sun kewaye fili babu shinge, ya san kuma ta cikinsu zai bi ya koma gida. Idan masu shirya gala da manyan unguwa ba su tsaya a bayansa a fili ba, babu dokar da za ta yi aiki. Ku kuma, 'yan'uwana masu horarwa, ku daina yaba wa ɗan bayan da ke tsalle da gwiwar hannu a buɗe, ku koya wa yara su riƙa kiran ƙwallo da murya don kada 'yan kulob ɗaya su yi karo, ku sa motsa wuya da kafaɗa cikin ɗumama jiki. Masu horar da 'yan mata su ƙara kula, domin bincike a makarantun Amurka ya nuna sun fi maza samun wannan rauni a ƙwallo.

Game da buga ƙwallo da ka, Amurka ta hana shi ga 'yan shekara 10 zuwa ƙasa tun 2015, Ingila da Sikotland da Ireland ta Arewa kuma suka cire shi daga atisayen yaran firamare a 2020. Abin da ya tura waɗannan ukun na ƙarshe shi ne binciken Jami'ar Glasgow na 2019, wanda ya bi bayanan tsofaffin ƙwararrun 'yan wasa 7,676, ya gano cewa sun ninka sauran mutane kusan sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa. Da aka ƙara dubawa sai aka ga 'yan baya sun fi kowa shiga haɗarin, masu tsaron gida kuwa, waɗanda ba safai suke sa kai ba, ba su bambanta sosai da sauran jama'a ba. A ganina wannan ya ishe mu hujja. Babu abin da ɗan shekara tara zai rasa idan aka jinkirta koya masa sa kai, sai ma ƙafarsa ta ƙara gwaninta. Kuma a daina ba ƙananan yara ƙwallon manya mai lamba 5, wanda nauyinsa ya kai giram 410 zuwa 450, balle wanda aka cika wa iska ya yi tauri, ko tsohon da ya sha ruwan damina. Lamba 3 da lamba 4 don su aka yi su.

Filayen su ma abin dubawa ne. A lokacin hunturu ƙasa takan bushe ta yi tauri, ga duwatsu, ga bakin kwata na siminti taku biyu daga layi, ga ƙarfen raga da ba a kafe shi da kyau ba, yara na lilo a jikinsa. Filayen roba da aka shimfiɗa a wasu unguwanni sun rage wannan, amma wasu an kewaye su da katanga ko ƙarfe dab da layi. Minti goma kafin wasa ya isa a zagaya a tsince duwatsu, a rufe bakin kwata da katako ko tsofaffin tayoyi, a matsar da benci da baburan da aka jingina a gefe. Wasannin dare na watan azumi kuma kada a yi su a wurin da yaro ba ya iya ganin wanda ke tahowa.

Ba zan rufe ba sai na taɓo hanyar komawa gida, domin yaron da muka kare a fili sau da yawa a bayan babur yake tafiya, su uku, babu hular kwano ko ɗaya. Dokar hanya ta Gana ta 2004 da ƙa'idojinta na 2012 sun wajabta hular ga mai tuƙi da wanda ya ɗauko, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce hula mai inganci da aka sa daidai tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin ɗari. Hular da aka rataye a madubi, ko aka ɗora a ka ba a ɗaure igiyarta ba, tun kafin mutum ya kai ƙasa ta riga ta tashi. Ranar da kulob ya ci kofi, da ranakun Sallah, mu ne shaida a kan yadda matasa ke zagaya gari a kan babura da bayan aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, wasu a tsaye. Kocin da ya ce duk wanda ya gani a babur babu hula ba zai buga wasa na gaba ba, zai yi abin da ɗan sanda bai iya yi ba.

Akwai wata magana da nake faɗa da ladabi, domin ta shafi mu duka, iyaye da malamai da masu horarwa. Ranƙwashi da mari a ka da gwara kawunan yara biyu da suka yi faɗa abubuwa ne da muka taso muka tarar, har ba ma ganin su a matsayin duka. Kan da ake kiyayewa a fili shi ne dai ake ranƙwasa a gida da makaranta, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana dukan fuska. Haka nan idan kuna gaya wa iyaye alamomin bugun kai, ku tuna musu cewa su ne dai za a duba ga jaririn da ya faɗo daga gado, da tsohuwar da santsi ya kwashe a banɗaki. Tsofaffi ma nasu ya fi ɓoyuwa, domin jini na iya taruwa a hankali, sai bayan makonni a ga mutum ya fara mantuwa ko jan ƙafa, a ce tsufa ne.

Ga Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Gana da reshenta na yankin Akra, roƙona shi ne a sa wannan darasi cikin kwas ɗin farko da ake ba masu horar da yara da alƙalan wasa, a kuma fassara takardar gane alamomin zuwa Hausa da Ga da Twi, a yi ta da murya don a riƙa tura ta a WhatsApp, tun da ba kowane koci ne ke karanta Turanci ba. Amma ba sai kun jira su ba. Daga kuɗin shiga gala ana iya ware 'yan sidi kaɗan a hannun ma'aji don kuɗin mota zuwa asibiti, a kuma sa katin inshorar lafiya mai aiki da lambar wayar iyaye cikin sharuɗɗan rajistar kowane yaro. Unguwanninmu cike suke da ma'aikatan jinya, maza da mata, waɗanda za su zauna a bakin fili ranar gasa idan aka gayyace su da mutunci, ni ma ina cikinsu. Ina kuma fatan masu shirya Kofin Ramadan na Sheikh Sharubutu, wanda ke haɗa zanguna daga sassa daban-daban na ƙasar nan, su zama na farko da za su rubuta wannan doka cikin sharuɗɗansu, domin abin da aka gani a can shi ƙananan gasanni za su kwaikwaya.

Kafin gala mai zuwa, ina roƙon shugabannin kulob-kulob na kowace unguwa su zauna a gaban sarkinsu da limaminsu, su rubuta dokar a takarda ɗaya, kowa ya sa hannu, a kuma riƙa karanta ta ga kyaftin biyu da alƙalin wasa kafin a busa usur. Duk unguwar da ta shirya wannan zama, a shirye nake in zo da abokan aikina mu nuna wa masu horarwa yadda ake riƙe wuyan wanda ya faɗi da yadda ake yi masa tambayoyin nan.

Allah ya saka muku da alheri, ya tsare mana yaranmu.

Wassalam,
Ɗan'uwanku, ma'aikacin jinya kuma uba, daga Mamobi, Akra.